Amsar Tambaya: Tausa a Tsibirin Zanzibar

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne daga Gidan Katta. Zirga-zirgar mota tsakanin Sakkwato da Ƙonni ta bar ni da ciwon baya. Zan kai iyalina hutu Zanzibar, ta yaya zan zaɓi wurin tausa a can?

Amsa: Alhaji, Allah Ya kai ku lafiya. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, don haka kada ka ji nauyin cewa namiji kake so ya yi maka, mace ta yi wa Hajiya, a ɗaki mai ƙofa. Wurin da ya yi maka gardama a kan wannan, ka bar shi.

A bakin teku a Nungwi za ka haɗu da masu tallar tausa da araha. Kafin ka kwanta, dubi shimfiɗar, wankakkiya ce ko wani ya tashi a kai? A gama ciniki tukuna: minti nawa, kuma shilin Tanzaniya nawa. Tsibirin ya shahara da kanumfari, kuma mansa yana da zafi a fata, in da shi za a yi maka tausa, sai ka shafa kaɗan a wuyan hannu ka jira.

Bayanka ne ya fi damuna. In ciwon yana sauka ƙafa da mutuwar jiki, je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kafin tafiya. In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura bayan saukarka daga jirgi, kada kowa ya murza ta, ƙila gudan jini ne. Nemi likita ranar.