Darasi: Ruwan Inabin Bagade Da Yadda Za Mu Kiyaye Shi



A bikin auren Kana ta Galili, uban biki ya ɗanɗana ruwan inabin da Yesu ya tanada, nan take ya gane ya fi na farko kyau (Yohanna 2). Mu ma wajibi ne mu iya rarrabewa, gama ruwan inabin da muke kaiwa bisa bagade shi ne yake zama Jinin Ubangiji.

Dokar Ekklesiya ta shekarar 1983, lamba 924, ta umarta cewa ya zama na 'ya'yan inabi zalla, wanda bai lalace ba. In ya riga ya koma ruwan tsami, ba a iya keɓe shi, Hadaya kuwa ba ta cika ba. Dokar ba ta ƙayyade launi ba. Sau da yawa mukan zaɓi fari ne domin ja yakan ɓata ƙyallayen bagade.

To, yaya za mu gane mai kyau? Da fari mu duba: ya kasance garau, ba gurɓi. Sa'an nan mu sansana: ƙanshin 'ya'yan itace ko na zuma alama ce ta lafiya, amma warin tsami mai sukar hanci alama ce ta lalacewa. A ƙarshe mu ɗanɗana kaɗan. Ɗan tsami irin na lemo ba aibu ba ne. Wannan tsamin, tare da zaƙi da ƙarfi, su ne suke sa farin ruwan inabi ya daɗe. Shi ya sa Riesling na Jamus da Sauternes na Faransa suke iya shekaru masu yawa, ƙanshinsu yana ƙaruwa. Tun 1896 Roma ta yarda a ƙarfafa na bagade da barasar inabi domin kada ya lalace, muddin ƙarfinsa bai wuce kashi 18 cikin ɗari ba.

Abokan gabansa su ne zafi da iska da haske. Sanyin da ya fi dacewa da shi wajen digiri 13 ne, alhali a Tsiga da kewayen Funtua da Malumfashi zafin bazara yakan kusan digiri 40. A ƙananan majami'unmu na ƙauye, inda Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, kwalbar da aka buɗe takan yi makonni ƙarƙashin rufin kwano.

Saboda haka muna roƙon katekist da masu hidimar bagade: ku toshe kwalba sosai, ku ajiye ta cikin duhu, a kan yashi mai laima kusa da randa. In kun yi shakka, ku sanar da Fada tun kafin ranar Hadaya.

Manomi ba ya wasa da irin da ya adana a rumbu. Kada mu yi wasa da abin da muke miƙa wa Allah.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.