Daga tsohuwar mota guda zuwa gidan tarihi

Holan ƙaramar ƙasa ce ta Turai, tana bakin teku. A can ne, a shekara ta 1923, wani ɗan kasuwa mai suna Pieter Louwman ya kafa kamfani tare da abokinsa. Suna shigo da motocin Dodge daga Amurka, suna sayarwa.

A wancan zamani, in mota ta tsufa, ba mai waiwayarta. Sai a kwance ta, a cire abin da yake da amfani, sauran ƙarfen a narke. Haka dubban motocin farko suka ɓace.

A 1934, Pieter ya sayi wata tsohuwar Dodge, ƙirar 1914. Bai sayar da ita ba, bai kuma kwance ta ba. Ya ajiye ta. Bayan ita ya ƙara wata, ya ƙara wata.

Ɗansa Evert ya gaje shi. A 1964, kamfaninsu ya soma shigo da motocin Toyota daga Japan. Ciniki ya bunƙasa. Evert ya yi ta neman tsofaffin motoci ƙasa-ƙasa. Da suka yi yawa, sai aka ga bai kamata a kulle su a garaji ba. A 1969, aka buɗe wa jama'a ƙofa a wani gari kusa da birnin La Haye. A 1981, aka kwashe motocin zuwa wani gari. A 2010, aka kawo su wani babban gini a La Haye. Sarauniya Beatrix ce ta buɗe shi. Motocin sun haura 230.

Ga uku daga cikinsu.

Ta farko ƙirar Faransa ce, ta 1887, sunanta De Dion-Bouton. Ba ta shan esansi. Ana hura wuta, ruwa ya tafasa a tukunya, tururi ya tura ta.

Ta biyu Spyker ce, ƙirar Holan, ta 1903. Injinta yana juya ƙafafunta duka huɗu. Ita ce kakar kat-kat da ke ratsa rairayi a ƙasarmu.

Ta uku Toyota AA ce, ta 1936. Kowa ya ɗauka babu sauran irinta a duniya. Sai a 2008 aka gano guda a ƙasar Rasha. Ta sha aiki, ta yi tsatsa, an sake mata kayan jiki da yawa. Ba a shafa mata sabon fenti ba. An ajiye ta yadda aka same ta, don mai kallo ya ga wahalar da ta sha.

A shago, mota kayan sayarwa ce. A gidan tarihi kuwa, malama ce. Makaniki yana zuwa ya ga yadda aka soma ƙera inji. Ƴan makaranta suna zuwa su ga abin da kakanninsu suka hau. Da Pieter ya bari an narke Dodge ɗin nan, da wannan ilimi bai taru wuri guda ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ma'anar kalmomi
Gidan tarihi: wurin da ake adana kayan da, don jama'a su gani, kamar gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.
Ƙira: yadda aka ƙera abu, da lokacin da aka ƙera shi.

Tambayoyi
1. Me ake yi da tsofaffin motoci a zamanin Pieter?
2. Shekara nawa Dodge ɗin ta yi kafin ya saye ta?
3. Don me ba a shafa wa Toyota AA sabon fenti ba?
4. Mene ne bambancin shago da gidan tarihi?

Aiki
Kowa ya tambayi dattawan gidansu wani tsohon kaya da aka gada, ko ƙwarya, ko takobi, ko fitila. Ya zana shi, ya rubuta tarihinsa cikin layi biyar.