A fayyace kalmar "riba" kafin a sa hannu

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai kuɗi da mai juya su daga kalma ɗaya take farawa, wadda kowa ya fahimta yadda ta yi masa daɗi. A ce mutum ya ba ɗan kasuwar hatsi a Dawanau naira miliyan 5, aka rubuta cewa za a raba riba biyu. Aka sayi masara da kaka, aka sayar da ita da bazara, aka samu miliyan 1 a kan uwar kuɗi. Mai jari yana lissafin dubu 500. Shi kuwa ɗan kasuwa sai ya cire kuɗin sito, da na 'yan dako, da na mota, da maganin ƙwari, dubu 400 suka tafi, ya miƙa masa dubu 300. Babu maƙaryaci a cikinsu. Takardar ce ba ta faɗi ko ribar kafin a cire ɗawainiya ake nufi ko bayan an cire ba.

Idan magana ta kai gaban alƙali, abin da aka rubuta zai karanta. A Najeriya, sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baka don sauya rubutacciyar yarjejeniya, sai a 'yan wurare ƙalilan. Kotu takan ba kalma ma'anarta ta yau da kullum, ta karanta takardar gaba ɗayanta, ta dubi al'adar kasuwar. Sai duk wannan ya gaza take fassara shubuhar a kan wanda ya tsara takardar. Wani zai ce ai wannan ya isa kariya. Bai isa ba, domin kafin a kai can kuɗin lauya ya cinye abin da ake rigima a kansa, zumunci kuma ya lalace. Masu cewa akwai amana tsakaninsu su tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. A ƙiradi ma, wato irin wannan hulɗa ta mai kuɗi da mai juya su a shari'ar Musulunci, asara kan mai jari take faɗawa sai in mai juyawa ya yi sakaci, kuma "sakaci" wata kalma ce da ke buƙatar bayani.

Saboda haka kafin ka sa hannu, a jera ɗawainiyar da za a cire ɗaya bayan ɗaya, a rubuta kason kowa cikin ɗari, a sa ranar lissafi, sannan a buga misali da alƙaluma a jikin takardar. In da Turanci aka rubuta ta, ka nemi lauyanka, ba na abokin hulɗarka ba, ya karanta maka.