Amsoshin Tambayoyinku: Lambun Murabba'in Ƙafa

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: mene ne lambun murabba'in ƙafa, kuma wace tazara ake bai wa shuka a cikinsa?

To malam, wani injiniya Ba'amurke, Mel Bartholomew, shi ya yaɗa wannan dabara a littafinsa na 1981. Ana haɗa akwatin ƙasa mai ƙafa 4 tsawo da ƙafa 4 faɗi, a raba shi gida 16, kowane gida ƙafa ɗaya a kowane gefe.

Girman shuka shi ke yanke yawanta. Tumatir, kabeji da tattasai, tushe ɗaya a gida. Latas 4, wake mara yaɗo 9, karas da albasa kuwa har 16. Tumatir yana son sanda ko igiyar da zai hau, kuma a dasa shi a gefen da ba zai yi wa ƙananan shuke-shuke inuwa ba. Kabewa da kankana suna mamaye fili, gara a nema musu wani wurin.

A zuba ruɓaɓɓen taki sosai, kada a taka cikin akwatin. Idan an cire amfanin wani gida, a ƙara taki a shuka wani iri daban. Ko tsakar gida ƙarama ce, malam, za ka samu kayan miya.