Kafin ka ɗora mita a kan batir

Na daɗe ina aikin wutar mota a bakin babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta bi ta Maraɗi, ta wuce Agye da Gazawa. A da, volt 12 muke taɓawa, sai 24 a manyan motoci. Yanzu ana kawo mana motocin da aka ɗora wa farantin sola a rufi, ga batir na biyu da inbata a ƙarƙashin kujera, don firjin magani ko cajin waya. Wutar da ke fita daga inbatan nan volt 220 ce, irin ta NIGELEC, kuma tana kisa.

Kwanan baya wani yarona ya gama auna ampiya, ya manta jar wayar mita a ramin da aka rubuta 10A, ya ɗora ta a kan kawunan batir. Nan take sai tartsatsi. Robar wayar ta narke a yatsunsa, bakin ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Allah ya sa batirin ba ya kan caji. Da yana kai, iskar da yake fitarwa tana iya kama wuta, ya fashe masa a fuska da ruwan asid. Idan waya tana wannan ramin, wuta ratsa mita take yi kai tsaye, kuma mitoci masu araha da yawa ba su da fiyus a wurin. Har yau gabana yana faɗuwa idan na tuna.

Tun ranar, ba wanda ke awo a garejina sai ya duba ramin da wayar take, ya duba inda ya murɗa mitar, DC ko AC. Sai ya gwada ta a batirin da muka san lafiyarsa, ta nuna wajen 12.6, sannan mu yarda da ita idan ta ce babu wuta a wani wuri. Ba a auna om a layin da ke da wuta. Inbata kuwa, ko an kashe shi, yakan riƙe wuta a cikinsa na ɗan lokaci, farantin sola ma yana ba da tasa muddin akwai rana.

Wayar da zafi ya tsattsaga, a jefar da ita, kada a naɗe ta da salatif.

Iyayen gida masu gareji, don Allah ku tsaya a kan yaranku lokacin awo. Su cire zobe da agogo, su sa takalmi, musamman da damina idan ƙasa ta jiƙe.