Darasi: Kada Mu Kai wa Mai Sabuwar Ƙoda Mura

'Yan'uwa manoma, a wannan karo za mu ajiye zancen taki da iri, mu yi maganar gaisuwar mara lafiya.

A shekarar 2002 ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami wanda aka yi wa wannan aiki cikin ƙungiyarmu ko ikkilisiyarmu. Sau da yawa sai an sayar da gona ko shanu kafin a biya kuɗin.

Ga abin da ya kamata mu gane. Allah ya sa masu tsaro cikin jinin mutum, suna yaƙar duk wani baƙon abu. Sabuwar ƙoda kuwa baƙuwa ce. Don kada jiki ya ƙi ta, likita yakan ba da magunguna irin su tacrolimus da prednisolone, a sha kullum muddin ƙodar tana jiki. Magungunan nan suna raunana masu tsaron, musamman a watannin farko da ake shan su da yawa. Murar da mu za mu sha kunun citta mu wuce gona, shi takan gangara masa huhu har numfashi ya gagara. Ƙwayoyin bairas ne ke kawo ta, kamar na infuluwanza da korona, kuma kafson da muke saya a kanti ba ya kashe su. Wani abin tsoro, maganin yakan ɓoye zazzaɓi, sai a ɗauka abin da sauƙi.

Ziyartar mara lafiya aikin Kirista ne, ba mu hana ba. Amma mai tari ko atishawa ya aika da gaisuwarsa, ya yi addu'a daga gida. Zumuntar mata kada ta cika ɗaki. A zauna a tsakar gida inda iska take, a wanke hannu da sabulu. Yara masu majina a tsare su, ko da jikokinsa ne. Da hunturu, ran sujada, ya rufe hanci da baki ya zauna kusa da taga.

In mura ta kama shi, a gaya wa likitansa ran nan. Maganin infuluwanza ya fi aiki cikin awa 48 na farko. Kada ya daina shan maganin ƙodarsa da kansa. Mutanen gidansa su tambayi asibiti allurar rigakafin infuluwanza. Ma'ajin ƙungiya kuma ya ware kuɗin mota tun yanzu.