Ka San Ƙasar da Za Ka Taka

Ɗana, kai da ka tashi tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, ka saba ganin tifofin yashi suna wucewa ta Titin Zariya, amma da wuya ka tambayi asalin yashin nan. Dutse ne a da, ruwa ya yi ta cinsa shekara da shekaru, Kogin Challawa ya kwaso shi ya sauke inda gudunsa ya ragu. Ina so ka lura, Allah ya yi maka albarka, ruwa ba ya ɓatar da abin da ya ɗauka, wuri yake sauya masa, kuma ba kowace ƙasa ce take ba shi kai da sauƙi ba. Dubi Dala da Goron Dutse, marmarar da ke kansu mai tama ce, ta yi tauri, shi ya sa suka tsaya ƙasar da ke kewaye da su ta zaizaye.

A bakin teku abin ya fi fitowa fili, domin can igiyar ruwa ba ta da hutu. Birnin Dakar yana kan dutsen da aman wuta ya bari, saboda haka teku ya ci mai laushi, ya bar mai tauri ya miƙe cikin ruwa. Gaɓar Ikko kuwa yashi ce zalla, igiya tana tura shi daga yamma zuwa gabas, abin da ta kwashe yau ta mayar da madadinsa gobe. Da Turawan mulki suka fara gina katangun dutse a mashigar jiragen ruwa a 1908, sai yashi ya taru ta yamma, Bar Beach da ke gabas ta daina samun rabonta, teku ya yi ta cinta har ya riƙa hawa Titin Ahmadu Bello. Masu aikin ba mugunta suka nufa ba, amma jikokin wasu ne suka biya, sai da aka yi ta jigilar manyan duwatsu daga nesa domin tare ruwan.

Wannan hali na ruwa ne yake damuna idan na ga samari suna ɗokin sayen fili don arha kawai. Kafin ka biya, ɗana, ka yi haƙuri ka je ka gaishe da dattawan unguwar, ka tambaye su ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, domin su sun san inda ruwa yake kwana. Sannan ka jira watan Agusta, ka koma bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ka ga ta inda ya bi.